Me Za a Ajiye, Me Za a Zubar? Rage Misalan Koyarwa a Dabarar Maƙwabci Mafi Kusa

A cikin dabarun koyon na'ura babu wadda ta kai dabarar maƙwabci mafi kusa sauƙin bayani. Ana tara misalai da yawa waɗanda aka riga aka san rukunin kowannensu, a zuba wa kwamfuta. In sabon abu ya zo wanda ba a san rukuninsa ba, sai ta auna tazarar da ke tsakaninsa da kowane misali da ke ajiye, ta nemo wanda ya fi kusa da shi, ta ce rukuninsu ɗaya. Wani lokaci ana ce mata ta duba maƙwabta uku ko biyar ko bakwai, ta bi rinjayensu. Shi ke nan. Ba ta gina wata ƙa'ida, ba ta taƙaita komai. Iliminta duka shi ne tarin misalan da aka ba ta.

Evelyn Fix da Joseph Hodges, masana ƙididdiga a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, su suka fara bayyana ta a 1951, cikin wani rahoto da suka rubuta wa makarantar likitancin sojin saman Amurka da ke Texas. A 1967 Thomas Cover da Peter Hart suka tabbatar da abin da ya ba ta daraja a idon masana: idan misalai suka yi ta ƙaruwa ba iyaka, kuskuren mai bin maƙwabci ɗaya tak ba zai wuce ninki biyu na kuskuren mafi gwanintar dabarar da za a iya samu ba. Wannan tabbaci ne babba ga dabara mai sauƙi haka. Sai dai sharaɗinsa shi ne yawan misalai, kuma a nan ne nauyin yake.

Ɗauki MNIST, tarin hotunan lambobi daga 0 zuwa 9 da aka rubuta da hannu, wanda kusan duk ɗalibin wannan fanni ya taɓa gwaji da shi. Hotunan koyarwa 60,000 ne, kowanne yana da ɗigo 28 a tsaye da 28 a kwance, wato 784. Kafin na'ura ta ce wannan sabon hoton 7 ne ko 1, sai ta gwada ɗigoginsa 784 da na hotuna 60,000, abin da ya haura kwatance miliyan 47, don hoto ɗaya kawai. Gobe in wani hoton ya zo, ta sake daga farko. Kuma dole hotunan nan duka su zauna a ma'ajiyarta muddin ana aiki da ita. Saboda haka tun da wuri masana suka fara tambaya: shin dukkan misalan nan ana buƙatarsu? In ba a buƙata, wanne za a ajiye, wanne za a zubar?

Manomin da yake son sanin inda gonarsa ta ƙare ba ya ƙirga kowace shuka da ke tsakiyar gona. Gambar da aka dasa a kan iyaka ita yake dubawa. Haka abin yake a nan. Hukuncin na'ura yana canzawa ne a wurin da rukuni ɗaya ya ƙare wani ya fara, don haka misalin da ke can tsakiyar 'yan'uwansa, kewaye da irinsa ta ko'ina, cire shi ba ya canza komai. Ana ganin wannan sarai a bayanan furen iris da Ronald Fisher ya yi amfani da su a 1936: fure 150, iri uku, kowane iri 50, an auna tsawo da faɗin ganyen furen na ciki da na waje. Irin da ake kira setosa ganyensa na ciki bai kai santimita 2 ba, alhali sauran biyun daga santimita 3 suke farawa. Setosa ɗaya ko biyu sun isa su tsaya a madadin hamsin. Amma versicolor da virginica sun shiga juna tsakanin santimita 4.5 da 5.1, kuma duk wahalar aikin tana cikin wannan ɗan tsukin.

Peter Hart ne ya fara mayar da wannan tunani dabara, a wata gajeriyar takarda ta 1968. Ana buɗe ma'ajiya, a saka misali na farko a ciki. Sai a bi sauran ɗaya bayan ɗaya, a tambayi ma'ajiyar rukunin kowanne. In ta faɗi daidai, a ajiye misalin gefe, tunda ba shi da sabon abin da zai koya mata. In ta yi kuskure, a saka shi ciki. In an kai ƙarshe sai a koma kan waɗanda aka ajiye gefe, a yi ta zagaye har sai an yi zagaye guda ba a ƙara ko ɗaya ba. Abin da ya rage ƙaramin tari ne da ke iya faɗin rukunin kowane misali na asali daidai.

Yana da kyau mutum ya gwada da hannunsa. A ɗauka ma'auni ɗaya ne kawai. Rukunin farko yana kan 1, 2, 3 da 4, rukuni na biyu yana kan 8, 9, 10 da 11. Iyakar gaskiya tana kan 6, tsakiyar 4 da 8. A fara da 1. Da shi kaɗai a ma'ajiya, 2 da 3 da 4 duk za a ce rukunin farko ne, kuma daidai ne. Da an zo kan 8 sai a yi kuskure, a saka shi. Daga nan 9, 10 da 11 su bi 8. A zagaye na biyu 4 ya fi kusa da 1 a kan 8, don haka babu ƙari. Misalai takwas sun koma biyu, kuma ba a kuskure ko ɗaya daga cikin na asali ba. To amma dubi iyaka: yanzu tana kan 4.5, tsakiyar 1 da 8. Sabon abu da ya zo a kan 5, wanda cikakken tarin zai kira rukunin farko, ƙaramin tarin zai kai shi rukuni na biyu. Da a ce da 4 aka fara, da iyakar ta zauna a kan 6. Wato sakamakon dabarar Hart yana rataye da jerin da misalai suka zo a kai, kuma cin jarrabawa a kan tsofaffin misalai ba ya nufin an riƙe iyakar yadda take.

Geoffrey Gates ya zo a 1972 da gyara: bayan Hart ya gama, a bi abin da ya ajiye, a gwada cire kowanne, in ba a samu kuskure ba a bar shi a waje. Tarin yana ƙara raguwa, amma ba lallai ya zama mafi ƙanƙanta ba. Nemo mafi ƙanƙantar tarin da ba ya kuskure ko ɗaya, Gordon Wilfong ya nuna a 1991 cewa yana cikin matsalolin nan da ba a san wata hanyar warware su cikin sauri ba idan bayanai suka yi yawa. Saboda haka duk dabarun da ake amfani da su kusanto ne, ba wadda ke alkawarin kai wa maƙura.

Babban raunin dabarar Hart yana wani wuri. Ita misalin da aka yi kuskure a kansa take ajiyewa, kuma babu misalin da ya fi jawo kuskure kamar wanda tun asali aka ba shi lakabin da ba nasa ba. A koma kan lambobin nan, a ɗauka mai shigar da bayanai ya yi tuntuɓen hannu ya rubuta 3 a rukuni na biyu. Hart zai ajiye 1, ya ajiye 3 saboda ya saɓa wa 1, ya ajiye 4 saboda yanzu 3 ya ruɗe shi, sannan ya ajiye 8. Kuskure ɗaya ya ninka ma'ajiyar, kuma shi kansa kuskuren ya samu mazauni na dindindin. Ga shi an zubar da maƙwabtan kirki da a da za su iya rinjayarsa da ƙuri'a.

A shekarar 1972 ɗin dai Dennis Wilson ya fito da dabarar da ke tafiya ta ɗaya hannun. Shi cewa ya yi a dubi maƙwabta uku na kowane misali. In rinjayensu ya saɓa wa lakabinsa, a cire shi. A misalinmu maƙwabtan 3 su ne 2 da 4 da 1, dukkansu rukunin farko, don haka 3 zai tafi, sauran bakwai su zauna. Wannan tacewa ba ta rage nauyi sosai, domin tsakiyar kowane rukuni tana nan ba a taɓa ta ba. Amfaninta shi ne tana sassabe iyaka ta miƙe, kuma sau da yawa na'ura tana ƙara iya hukunci a kan sabbin abubuwa bayan an yi ta. Ivan Tomek ya faɗaɗa wannan a 1976, ya kuma kawo wata alama da har yau ake kira da sunansa: misalai biyu na rukuni daban-daban waɗanda kowannensu shi ne mafi kusa da ɗayan. Duk inda aka ga irin wannan haɗi, ko dai a kan iyaka ake, ko ɗaya daga cikinsu kuskure ne.

Kuskuren lakabi kuwa ba abu ne da masana suka ƙirƙira don muhawara ba. A 2021 Curtis Northcutt da abokan aikinsa suka bincika shahararrun tarin bayanai goma da ake auna na'urori da su, suka sami matsakaicin kuskuren da bai gaza kashi 3.3 cikin 100 ba a ɓangaren jarrabawa, a tarin hotuna na ImageNet ma aƙalla kashi 6. In haka abin yake a bayanan da dubban masu bincike suke dubawa, ba sai an faɗi halin rajistar asibiti ko takardun da aka cike a gaggauce ba.

A ganina nan ne zuciyar batun take. Misalin da ya saɓa wa maƙwabtansa, Hart yana ganinsa dukiya, Wilson yana ganinsa datti. Kuma kowannensu yana da gaskiya a wani wuri. Wani lokaci baƙon misali kuskuren alƙalami ne. Wani lokaci kuma shi ne shaida ɗaya tak da ake da ita cewa akwai wani yanki na duniya da na'ura ba ta sani ba. Lissafin tazara shi kaɗai ba zai iya rarrabe waɗannan biyun ba, domin a idonsa kamanninsu ɗaya. Duk dabarun da suka biyo baya ƙoƙari ne na sasanta wannan saɓani, kuma mafi sauƙin sasantawar ita ce a fara da Wilson a share kuskure, sannan a bi da Hart a rage cunkoso. In aka juya jerin, aikin ya lalace.

David Aha da Dennis Kibler da Marc Albert sun bi wata hanya a 1991 da dabarar da suka kira IB3. Kowane misali da aka ajiye ana riƙe masa tarihi: sau nawa ya taimaka aka yi hukunci daidai, sau nawa ya ɓatar. Wanda tarihinsa ya yi kyau a ba shi damar yin hukunci, wanda ya yi muni a sallame shi, wanda ba a tabbatar ba a ci gaba da sa masa ido. A 2000 kuma Randall Wilson da Tony Martinez na Jami'ar Brigham Young suka gwada dabarunsu da na magabata a kan ayyuka 31, kuma wadda ta fi shahara a cikin nasu ita ce DROP3. Tana fara tacewa irin ta Dennis Wilson. Daga nan ta jera misalai gwargwadon nisansu daga abokin gaba mafi kusa, wato misalin wani rukuni, ta fara da mafi nisa. Tambayar da take yi wa kowanne ita ce ta fi burge ni: waɗanda suke dogara da kai a matsayin maƙwabci, in ka tafi za su rasa hanya? In ba za su rasa ba, sai a cire shi. Ana auna misali ne da amfaninsa ga wasu, kuma da yake an fara daga tsakiya, 'yan kan iyaka su ne na ƙarshe da ake taɓawa.

Akwai kuma masu cewa ba dole ne a zaɓa daga cikin misalan da ake da su ba, ana iya ƙera sababbi. C. L. Chang ya nuna a 1974 yadda za a riƙa haɗe misalai biyu na rukuni ɗaya masu kusanci su zama ɗaya a tsakiyarsu, muddin haɗewar ba ta jawo kuskure ba. Teuvo Kohonen na Finlan, a shekarun 1980, ya sa 'yan wakilai kaɗan su riƙa motsi: in wakili ya yi hukunci daidai a matso da shi kusa da misalin, in ya yi kuskure a tura shi nesa. Da wannan ake samun ragi mai yawa ƙwarai. Abin da ake rasawa shi ne bin sawu. Ɗaya daga cikin kyawawan halayen dabarar maƙwabci shi ne in ta ce wa likita wannan hoton ciwo kaza ne, tana iya nuna masa ainihin majinyacin baya da ta kwatanta da shi, ya duba da idonsa. Wakilin da aka ƙera ba kowa ba ne, ba shi da fayil. A aikin da sai an ba mutane hujja, wannan rashi ba ƙarami ba ne.

Masu bincike a Sifen, Salvador García da Francisco Herrera da abokansu, sun tattara gomman irin waɗannan dabaru a 2012 suka gwada su a kan bayanai iri-iri. Ba a sami guda da ta fi a ko'ina ba. Dabaru masu kwaikwayon zaɓin halitta, waɗanda ke gwada taruka da yawa suna haɗa nagari da nagari, suna ba da ragi mai kyau ba tare da asarar daidaito ba, amma suna cin lokaci sosai.

Wani zai ce ai zamani ya wuce wannan, ma'ajiya ta yi araha, kuma akwai hanyoyin nemo maƙwabci cikin sauri ba tare da an zubar da komai ba. Gaskiya ne. Tun 1975 Jon Bentley ya kawo tsarin rarraba bayanai reshe-reshe don kada a duba kowanne, kuma a 2017 Facebook ya saki Faiss, wanda ke lalubo maƙwabta a cikin ɗaruruwan miliyoyin misalai. Ga mai manyan kwamfutoci, hujjar sauri ta yi rauni. Amma saurin bincike ba ya gyara lakabin da aka rubuta ba daidai ba. Yana kai ka wurinsa da wuri ne kawai. Sannan ba kowace na'ura ce babba ba. A 2017 masu binciken Microsoft a Indiya suka fitar da ProtoNN, wadda ke koyon 'yan wakilai tare da matse ma'aunai, har ta iya aiki a kan ƙaramar na'urar Arduino Uno mai ƙwaƙwalwar aiki kilobayit 2 kacal. Na'urar da aka kafe a gona ko aka ɗaura a hannun majinyaci, ba intanet, batir kaɗai take sha, ba ta da wurin hotuna 60,000.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake auna nasara. Yawancin rahotanni lambobi biyu suke kawowa: an rage kashi kaza na bayanai, daidaito ya sauka da kashi kaza kawai. Wannan ma'auni yana ɓoye wanda ya biya kuɗin ragin. A ɗauka mutum 1,000 aka gwada, 10 ne ke da wata cuta mai wuyar samu. Na'urar da ta ce kowa lafiyarsa lau ta ci 99 cikin 100, kuma ba ta gano majinyaci ko ɗaya ba. Yanzu a sa tacewar Wilson a kan waɗannan bayanai. Kowane ɗaya daga cikin goman nan, da yake su kaɗan ne a warwatse, akwai yiwuwar biyu cikin maƙwabtansa uku masu lafiya ne. Za a cire shi a matsayin kuskure. Daidaito na jimla ba zai motsa ba, wataƙila ma ya ɗan hau, alhali an share ainihin mutanen da aka gina na'urar dominsu.

Miroslav Kubat da Stan Matwin sun ci karo da wannan a aikin gano malalar mai a teku daga hotunan tauraron ɗan Adam. A cikin tabo 937 da aka ware, 41 ne kawai mai na gaske, sauran abubuwa ne masu kama da shi. Maganin da suka kawo a 1997 shi ne ragi ta gefe ɗaya: a yi amfani da dabarar Hart da alamar Tomek a kan rukunin masu yawa kaɗai, 'yan tsiraru kuwa kada a taɓa ko ɗaya. Duk wanda zai gina na'urar karanta rubutun Hausa na hannu zai gamu da irin wannan. Ƙ da ɗ da ɓ suna zaune dab da k da d da b a siffa, ɗan lanƙwasa ne ya raba su, kuma ba su kai su yawa a rubutu ba. Tacewar da ba a sa wa linzami ba su za ta fara ci, na'urar ta fito da maki mai kyau tana karanta Hausa ba ƙugiya.

Akwai wani abu da ke ƙarƙashin duk wannan wanda ake yawan tsallakewa, wato ma'anar kusanci kanta. In aka auna shekarun mutum da albashinsa a naira ba tare da an daidaita ma'aunan ba, albashi zai danne shekaru gaba ɗaya, maƙwabtan da za a samu na albashi ne kawai. In ma'aunai suka kai ɗaruruwa, mafi yawansu ba su da alaƙa da tambayar, tazarar kusa da ta nesa sukan kusan zama ɗaya. Ragin da aka yi a kan gurguwar tazara ya fi rashin ragi muni, domin an yanke hukuncin zubarwa da ma'aunin da bai dace ba, kuma abin da aka zubar ya tafi. Sai an gyara ma'auni kafin a ɗauki almakashi.

Don haka ina goyon bayan ragi, amma da sharuɗɗa. A ware bayanan jarrabawa tun farko, kada dabarar ragi ta gan su, kuma kada a tace su don su yi daidai da na'ura. A ba da rahoton daidaito rukuni-rukuni, kafin ragi da bayansa. Abin da tacewa ta cire kuma kada a goge shi. A miƙa wa wanda ya san aikin, likita ko malamin gona ko mai karanta rubutu, ya duba. Tarin ba ya da yawa, kuma a cikinsa ne ake samun kurakuran da za a gyara da kuma baƙin misalan da ya kamata a nemo ƙarin irinsu.

Masu aiki da Python za su sami dabarun Hart da Wilson da Tomek da na Kubat a shirye cikin kundin imbalanced-learn, kuma in ba a canza saitinsa ba, ba ya taɓa rukunin da ya fi ƙanƙanta. Kariyar tana da kyau, amma iyakarta rukuni ɗaya. In rukunai biyar ne, na biyu a ƙanƙanta ba shi da ita. Haka kuma 'yan tsirarun da ke ɓoye a cikin babban rukuni ba tare da lakabin kansu ba, kamar yara a tarin bayanan da manya suka cika, ko masu rubutu da hagu a tarin rubutun hannu, babu saitin da ya san da su. Sai mai aikin ya ƙara wannan bayanin da kansa, ya ƙirga su kafin ragi, ya sake ƙirga su bayansa.